Idan ɗalibin jami'a ya zo neman lissafin ma'aikata

Kowace shekara ɗalibai masu karatun tattalin arziki da gudanar da kamfani sukan fita daga aji su shiga wuraren aiki. Sukan je kamfanoni, da asusun ajiya da bashi, da ƙungiyoyin manoma, da gidajen burodi, da ma'aikatun magajin gari. Suna riƙe da takardar tambayoyi. Suna son su san mutum nawa ke aiki a wurin, nawa ake biyan kowa, shekara nawa ya yi yana aiki, kwana nawa ya yi fashi. Wataƙila an taɓa yi muku irin waɗannan tambayoyi. Wataƙila kuma ɗanku ne ko ɗiyarku ke yawo da takardar. Ya kamata ku san abin da ake yi da amsoshinku. Lambar da ɗalibi ya fitar ba ta tsayawa a hannun malaminsa kaɗai. Sau da yawa takan koma hannun maigidan aiki, kuma da ita ne zai yanke shawarar ƙarin albashi, ko ɗaukar sabon ma'aikaci, ko sallamar wani.

Mi ake nufi da ƙididdiga?

Ƙididdiga ita ce tara lambobi, da shirya su, da fitar da ma'anarsu. Ba baƙon abu ba ne gare ku. Manomin da ya ƙirga dami nawa ya samu bana, ya gwada da na bara da na bara waccan, sannan ya ce gonar ta fara gajiya, ƙididdiga ya yi. Shugabar ƙungiyar Mata Masu Dubara da ta lura cewa a watannin bazara ne mata suka fi kasa biyan zubi, ita ma ƙididdiga ta yi, ko da ba ta taɓa jin sunan ba. Bambancin kawai shi ne ɗalibi yana rubuta kome, yana bin ƙa'ida, domin wani ya iya sake lissafin ya samu amsa iri ɗaya.

Gwamnati ma da haka take aiki. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wadda ake kira INS, an kafa ta a 2004. Ita ce ta gudanar da ƙidayar jama'a ta 2012, wadda ta samu mutum miliyan 17 da ƴan kai a Nijar. Kafin ita an yi ƙidaya a 1977, da 1988, da 2001. Wannan ilimi ana koyar da shi a jami'a. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ita ce ta fari a ƙasar, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi, da Tawa, da Damagaram, kuma a Tawa akwai sashen shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Ɗalibin da ya zaɓi wannan fanni yakan fara darasin ƙididdiga tun shekarar farko. Kusa da ƙarshen karatunsa sai a tura shi koyon aiki na ƴan watanni a wata ma'aikata, ya dawo ya rubuta kundi, ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta.

Malamai suna son aiki da lissafin ma'aikata domin kowace ma'aikata tana da shi, kuma albashi yana cikin manyan kuɗin da take kashewa. Sai dai ku riƙe wannan tun yanzu: mafi yawan ƴan Nijar manoma ne da makiyaya da ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda sunansu ba ya cikin rajistar albashi ta kowa. Saboda haka idan kun ji an ce “ma'aikatan Nijar suna samun kaza”, ku tambaya waɗanne ma'aikata ake nufi.

Aikin farko shi ne jadawali

Ɗalibi yakan fara da zana jadawali, a takarda ko a kwamfuta, galibi cikin Excel. Kowane layi na kwance mutum ɗaya ne. Kowane layi na tsaye abu ɗaya ne da ake son sani: namiji ne ko mace, shekarun haihuwa, irin aiki, ranar da ya fara aiki, albashin wata, kwanakin fashi. Abin da ke biyo baya duka daga wannan jadawali yake fitowa. Idan an zuba ƙarya cikinsa, kwamfuta ba za ta gane ba. Za ta lissafa ƙaryar da kyau, ta ba da amsa mai tsabta. Shi ya sa ɗalibi mai hankali yakan ɗauki lokaci mai yawa wajen tantance jadawali fiye da wajen lissafin kansa.

A ƙasarmu akwai kurakurai da suke yawan shiga, kuma ku ne kuka fi kowa iya tare su. Na farko ya shafi kuɗi. Baki yana ƙirga da dala, takarda tana rubuta da sefa. Dala ɗaya 5 F ce, jika ɗaya kuma 1.000 F. Ɗalibi ya tambayi lebura nawa ake biyan sa a yini. Lebura ya ce ɗari huɗu, yana nufin dala 400, wato 2.000 F. Ɗalibi kuwa, cikin gaggawa, ya rubuta 400 F. Nan take an rage ladan mutumin nan har ninki biyar, kuma duk lissafin da za a gina kansa ya karkace. Idan ana rubuta amsarku, ku duba lambar da idonku. Wannan yana cikin amfanin karatun da kuke yi. Ku kuma bayyana ko kuɗin na yini ne, ko na mako, ko na wata, da kuma ko kafin a cire kason asusun ma'aikata na CNSS ne ko bayan an cire.

Na biyu shekaru ne. Mutane da yawa an haife su ba a yi musu takardar haihuwa ba, sai daga baya alƙali ya ƙiyasta. Shi ya sa a rajistar ma'aikata za ku ga mutane barkatai an rubuta musu ranar 1 ga Janairu, ko an rubuta shekara kawai babu rana. Idan kuma aka tambaya da baki, amsa takan zama 30, ko 35, ko 40, da wuya a ji 37. Masana ƙididdiga sun daɗe da sanin wannan. Dabarar da ɗalibi ke yi ita ce ya tara mutane rukuni-rukuni: daga 20 zuwa 29, daga 30 zuwa 39, har gaba.

Akwai kuma tambayar da take kama da wasa amma ba wasa ba ce: wane ne ma'aikaci? Yaron da ke koyon aiki a gareji ba a biyan sa, a sa shi? Masu aikin yini da ake ɗauka lokacin kakar albasa kawai fa? Ƙanen maigida da ke tsaron kanti yana ci a gida? Babu amsa ɗaya da ta dace da ko'ina. Abin da ake bukata shi ne ɗalibi ya faɗi fili wa ya sa, wa ya bari, kuma kada ya canza ƙa'ida a tsakiyar aiki.

Matsakaici, da yadda yake ruɗar mutane

Kun san matsakaici daga takardar sakamakon ɗiyanku na makaranta, abin da yara ke kira mwayen. Ana tara lambobi duka a raba da yawansu. Shi ne lissafin da aka fi amfani da shi, kuma shi ne ya fi ruɗar mutane. Mu ɗauki misali. Lambobin nan an shirya su ne don koyo kawai, ba na wata ma'aikata ba ne.

A ce wani gidan burodi yana da mutum 9. Ga albashinsu na wata, an jera daga ƙarami zuwa babba:

lebura uku, kowane jika 42
mai gadi, jika 45
mai sayarwa, jika 48
direba, jika 55
mai gashin burodi, jika 60
mai riƙe da lissafin kuɗi, jika 86
shugaban ma'aikata, jika 300

Ku ɗauki alƙalami ku tara da kanku. Za ku samu jika 720. Ku raba gida 9, kowane gida jika 80. Ɗalibi zai rubuta cewa matsakaicin albashi a wannan wuri jika 80 ne. Bai yi ƙarya ba. To amma ku sake duban jerin. Wa ke karɓar jika 80? Babu ko ɗaya. Mutum 7 cikin 9 suna ƙasa da haka, wasu ma da ƙyar suka wuce rabinsa. Albashin mutum ɗaya ne ya ja lissafin sama. Ku cire shugaban, sauran 8 suna raba jika 420, matsakaici ya sauko jika 52 da rabi.

Saboda wannan ne ake koya wa ɗalibai wani awo na biyu. A jera mutane daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba, a nemi wanda ke tsaye tsakiyar layi. Cikin mutum 9, na biyar ne, yana da huɗu a gabansa da huɗu a bayansa. A misalinmu mai sayarwa ce, da jika 48. Wannan shi ne albashin tsakiyar layi. Ya fi kusa da abin da mafi yawan ma'aikatan ke kai wa gida, kuma ko an ninka albashin shugaba sau goma, ba zai motsa ba. Idan yawan mutanen ya rabu biyu daidai, kamar 8 ko 10, sai a ɗauki biyun da ke tsakiya a tara a raba biyu. Akwai awo na uku mai sauƙi: albashin da ya fi yawan fitowa. Nan jika 42 ne, domin mutum uku ke karɓar sa. Wannan lamba ba a banza aka sa ta ba. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda da shi a Nijar 42.000 F ne a wata. Kafin a ƙara shi, tun daga 2012, 30.047 F ne. Ɗalibin da ya ga albashin cikakken wata ƙasa da haka a rajista, wajibi ne ya ambata shi, ba ya ɓoye shi cikin matsakaici ba.

Yanzu ku dubi abin da zai iya faruwa. A ce kasuwa ta yi sanyi, maigida ya sallami leburan nan uku. Saura mutum 6, suna raba jika 594. Matsakaici ya zama jika 99. Wani zai iya tsayawa gaban taro ya ce albashi ya hau a ma'aikatarsa daga jika 80 zuwa jika 99. Lissafinsa daidai ne. Amma ba a ƙara wa kowa ko dala ba, kuma gidaje uku sun rasa abin sawa a tukunya. Ku juya misalin. A ce maimakon sallama an ƙara wa leburan jika 3 kowane. Matsakaici zai tashi daga 80 zuwa 81 kawai, albashin tsakiyar layi kuma yana nan 48 bai ko girgiza ba, alhali ga mutanen uku ƙarin tiya ce ta hatsi da yawa. Kun ga ke nan kowane awo yana da wurin da idonsa ba ya kai. Kundin da ya ba da lamba ɗaya tak game da albashi, aikinsa bai cika ba, kome kyan rubutunsa.

Tazara

Manoma sun fi kowa fahimtar wannan. Damina biyu za su iya samun yawan ruwa ɗaya a ma'aunin da ake faɗi a rediyo. A ta farko ruwan ya rarrabu kowane mako, hatsi ya yi. A ta biyu rabinsa ya zuba cikin kwana uku, sannan aka yi fari na wata guda, shuka ta ƙone. Jimla ɗaya, amfanin gona daban. Haka albashi yake. Ma'aikatar da kowa ke karɓar tsakanin jika 70 da jika 90, da gidan burodinmu, duka matsakaicinsu zai iya zama jika 80, amma zaman mutane cikinsu ba ɗaya ba ne. Hanya mafi sauƙi ta auna wannan ita ce a cire ƙarami daga babba: 300 a cire 42, saura 258. A jami'a ana koyar da wani awo mai ɗan wuya, wanda ke nuna nisan kowace lamba daga matsakaici. Ba sai kun iya lissafa shi ba. Ku san dai in ya yi girma, mutanen sun yi nisa da juna.

Kashi cikin ɗari

Ana amfani da kashi cikin ɗari don a iya gwada wuri babba da ƙarami. Kamfani mai mutum 200 ya rasa ma'aikata 10 a shekara, kashi 5 cikin ɗari ke nan. Gidan burodi mai mutum 9 ya rasa 3, kashi ɗaya cikin uku ke nan, wato sama da 33 cikin ɗari. Goma ta fi uku yawa, amma ƙaramin wurin ne ya fi jin jiki. Wannan shi ne amfaninsa. Haɗarinsa kuwa yana ga ƙananan lambobi. In an ce kashi 50 cikin ɗari na matan wata ma'aikata sun bar aiki, kunne zai girgiza. Amma in matan biyu ne kawai, mace ɗaya ce ta tafi, wataƙila ma aure ya kai ta wani gari. Duk lokacin da kuka ji kashi kaza cikin ɗari, ku tambaya: cikin mutum nawa?

Lissafin fashi ya cancanci a tsaya kansa, domin shi ne ya fi jawo wa ma'aikaci baƙin jini. Mu koma gidan burodin. A ce kwanakin aiki a wata 20 ne. Mutum 9 sau 20, kwana 180 ke nan. An rubuta fashin kwana 18. Ɗalibi zai ce fashi ya kai kashi 10 cikin ɗari, maigida kuma zai fara kallon kowa da idon zargi. Amma da aka buɗe rajista sai aka ga kwana 15 na direba ne, wanda ya yi haɗari ya kwanta asibiti. Sauran mutum 8 kwana 3 kawai suka raba. Babu matsalar fashi a wannan wuri, akwai mutum ɗaya da ya ji rauni.

Sannan ba kowane rashin zuwa ne fashi ba. Dokar aiki ta Nijar, wadda aka sabunta a 2012, ta ba ma'aikaci hutun kwana 2 da rabi kan kowane wata da ya yi aiki, ana biyan sa. Ta ba mace mai juna biyu hutun haihuwa na mako 14. Ta kuma sa awa 40 a mako a matsayin lokacin aiki na ƙa'ida a ma'aikatun da ba na noma ba. Hutun da doka ta bayar haƙƙi ne. Ɗalibin da ya zuba mako 14 na haihuwa cikin layin fashi zai fito da lamba mai cewa mata sun fi maza fashi nesa ba kusa ba. Maigida ya karanta, gobe mace ta zo neman aiki ya ce babu gurbi. Kuskuren layi ɗaya a jadawali ke nan ya rufe wa wata ƙofa, ita kuwa ba za ta taɓa sanin dalili ba.

Haka nan wajen gwada albashin maza da na mata. Dokar ta ce aiki iri ɗaya, lada iri ɗaya, ba tare da duban jinsi ba. Don a gane ko ana bin ta, sai a gwada masu aiki ɗaya da daɗewa kusan ɗaya: mai sayarwa namiji da mai sayarwa mace. In an samu bambanci nan, to an taka doka. In kuwa babu, amma duk da haka matsakaicin mata ya faɗi ƙasa, wata tambaya ce ta taso: domi mata suka taru a ƙananan ayyuka, babu ko ɗaya a sama? Tambayoyi biyu ne daban, kuma maganinsu daban.

Abu biyu sun zo tare, ba lalle ɗaya ne ya haifi ɗaya ba

Nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, har da manyansu. Jadawali ya nuna waɗanda aka tura horo sun fi sauran aiki. Sai a ce horon ne ya gyara su. Zai yiwu. Amma wa maigida ya zaɓa ya tura? In dama masu ƙwazon ya zaɓa, to ƙwazonsu ne ya kai su horo, ba horo ne ya ba su ƙwazo ba. Hanyar da ta fi ita ce a duba aikin mutum kafin horo da bayansa, a kuma gwada da na wanda bai je ba.

Ko kuma jadawali ya nuna rashin zuwa aiki yana hawa a watannin Agusta da Satumba. Wanda bai san ƙasar ba zai ce lalaci ne. Ku kun san lokacin nan ne sauro ke yawa, zazzaɓi ke kwantar da manya da yara, iyaye ke kwana a gidan likita, ga kuma gona tana kira. Kun san bayan girbi samari sukan tafi ci-rani. Ruwa ba ya tsami banza. Lamba tana nuna wurin da za a tona, amma dalilin yana bakin mutane. Maganin ma'aikatar da ta gano haka gidan sauro ne da tsara hutu ya faɗo cikin damina, ba yankan albashi ba. Saboda haka in ɗalibi ya tambaye ku dalili, ku ba shi amsa cikakkiya. Abin da kuka sani babu shi cikin kwamfutarsa.

Wa aka tambaya?

In ma'aikata tana da mutum 500, ɗalibi ba zai iya zama da kowa ba. Sai ya ɗauki wasu su tsaya a madadin sauran. Mai sayen buhun wake ma haka yake yi: ba ya zazzage buhun, amma ba ya yarda da na baki kawai, domin ya san mai sayarwa yakan sa mai kyau a sama. Yakan ɗebo daga sama, da tsakiya, da ƙasa. A ƙididdiga hanyar da ta fi aminci ita ce ƙuri'a: a ba kowa lamba, a zuba a ƙwarya, a ɗebo ba tare da dubawa ba. In maigida ne ya nuna waɗanda za a tambaya, an ɗebi na bakin buhu. In an zo da rana kawai, masu aikin dare sun fita. In takardar da Faransanci take kuma babu mai fassara, waɗanda ba su yi boko ba sun fita, su kuwa galibi su ne masu ƙaramin albashi. Waɗanda suka riga suka bar aikin ma babu mai jin ta bakinsu, alhali su ne suka fi sanin abin da ke korar mutane. In kuma an yi tambayar maigida na tsaye, kowa zai ce alhamdu lillahi.

Sirrinku

Albashin mutum, da rashin lafiyarsa, da bashin da ake bin sa, da ra'ayinsa game da shugabansa, ba abin baza wa a kasuwa ba ne. Tun 2017 Nijar take da doka mai kare bayanan da suka shafi mutum, kuma an kafa hukuma mai suna HAPDP domin sa ido kan wannan. Ɗalibi ba ya bukatar sunanku don ya yi lissafinsa. Ƙa'ida ita ce a goge suna da lambar waya da lambar CNSS, a sa lamba kawai: ma'aikaci na 1, na 2, na 3.

Goge suna kaɗai ba ya isa a ƙaramin wuri. A gidan burodinmu direba ɗaya ne. In kundi ya ce “direba ya ce ba a biyan awannin ƙari”, ko yaro ya san wanda ya yi maganar. Abin da ya dace shi ne a haɗa mutane rukuni, a ce “wasu daga cikin ma'aikata”, kuma kada a buga jadawalin da rukuni ɗaya ke da mutum ɗaya ko biyu. Ku tuna kundi yakan zauna a ɗakin karatu na jami'a shekara da shekaru, kuma galibi akan ba ma'aikatar kofi ɗaya.

Kafin ku amsa, kuna da damar tambayar ɗalibin daga wace jami'a yake, ya nuna takardar da aka turo shi da ita. Ku tambaye shi wa zai ga amsoshin, ko za a sa suna, da kuma abin da zai yi da takardun in ya gama. Ɗalibin kirki ba zai ji haushi ba, an koya masa ya yi tsammanin waɗannan tambayoyi. Kuna iya ƙin amsa wata tambaya, ko ku ƙi duka. Amma in kun yarda za ku amsa, ku faɗi gaskiya. Kada ku rage albashinku da tunanin wani taimako zai biyo baya, domin ɗalibi ba ya raba kome. Kada kuma ku ƙara don jin kunya. In ku ne masu wurin aikin, kada ku miƙa rajista ɗungurungum a ɗauki hotonta da waya. Ku kwafe abin da ake bukata a wata takarda babu sunaye, ku kuma sanar da ma'aikatanku tukuna.

Ku ma ku buɗe naku littafi. Ƙaramin littafin makaranta ya isa. Kowace rana ku rubuta lokacin da kuka fara aiki da lokacin da kuka tashi. Ƙarshen wata ku rubuta abin da aka ba ku, da sefa, da abin da aka cire da dalilinsa. Ranar da ba ku je ba, ku rubuta ko ciwo ne, ko hutu, ko izini kuka nema, ku adana takardar likita in akwai. Ku gwada da takardar albashinku. In an ce ana cire muku kason CNSS, ku nemi lambarku ta asusun, ku je ofishinsu ku tabbatar ana zuba kuɗin, domin da shi ne za a lissafa fanshonku. In saɓani ya taso har ya kai gaban mai binciken harkokin aiki na jaharku, littafin nan ne za ku buɗe. In ɗalibin ya gama kundinsa kuma, ku roƙe shi ya dawo ya karanta muku sakamakon da Hausa, gaban ma'aikata duka, ya faɗi matsakaici, ya faɗi na tsakiyar layi, ya kuma faɗi mutum nawa ya tambaya.